Mai Agashen Umbadda da 'Yan Dambensa

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za a koma. Na sha faɗa wa mata wannan magana a gidajen makoki. Ban san nauyinta ba sai ranar da aka faɗa mini ita a ɗakina.

Ni ban yi karatu ba. 'Yata ta tsakiya ce take rubuta wannan, ita da ta zauna Kano da mijinta har ta iya rubutun Hausa. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Maigidana ne ya rasu, Malam mai agashe, wato tsiren nan ƙasar, wanda yake gasa nama a bakin hanyar Kasuwar Libiya, a nan unguwarmu ta Umbadda cikin Larabawa, tun ina amarya. Bai yi jinya ba. Ko ciwon kai bai ce mini yana yi ba. Ya ci tuwonsa, ya kwana lafiya, ya yi sallar asuba a masallaci, kafin azahar an kai shi.

Babu wanda ya yarda da labarin a karon farko. Mai shayin da take zama kusa da teburinsa ta shigo gidan nan ba takalmi, mayafinta yana jan ƙasa, tana cewa, "Ya Hajja, ƙarya ne, jiya-jiya ya ce shayina ruwan wanki ne." Mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, da yake kawo masa nama daga mayanka ya iso da naman kamar kullum, ya tarar maza suna kafa rumfar makoki a ƙofar gida. An ce ya tsaya da cinyar sa a kafaɗa yana tambaya wa ya rasu, aka faɗa masa, ya sake tambaya. Liman ma sai da ya ce wa babban ɗana, "Wane Malam? Wanda na gaisa da shi ɗazu?"

Akwai wani dattijo Balarabe da ya taso tun daga Soba, ya ƙetare kogi biyu. Ba mu san shi ba. Ya ce wa 'ya'yana shi ma bai san sunan mamacin ba, duk ranar Alhamis dai yana zuwa ya ci nama a kuma faɗa masa bai san dambe ba. Samarin unguwa kuwa, waɗanda ba sa iya haɗa Hausa jimla biyu ba su tsallaka zuwa Larabci ba, sun cika rumfar. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu zai yi wa ɗana Fatiha, sai ya tuna Malam, wanda suke kira Ammu, wato baffa, ya ce, "Ammu kullum yana ce mini in ɗaga hannuna in kare haɓata," ya fashe da kuka, Fatihar ma bai gama ba.

Mutum ɗaya ne bai shiga rumfar ba, shi ne ƙanena, autanmu. Ya bi gawa maƙabarta, ya tsaya can nesa. Da aka dawo ya samu wani dutse a jikin katangar maƙwabta, daura da ƙofarmu, ya zauna cikin rana. An kai masa ruwa ya ce ya gode, an kai abinci ya mayar. Kowa ya gan shi, kowa kuma ya san dalili: akwai abin da ya shiga tsakaninsa da Malam tun kafin azumi, kuma Malam ya tafi ba a gyara ba. Ina ciki ina kukan miji, ina kuma jin tsoron kada in rasa ƙane a kan wannan dutse.

Sai na faɗi wane ne Malam kafin a gane abin.

Shi bai taɓa dambe ba. Babansa ne ɗan dambe, mahauci, ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a nan bai koma ba. Ya hana 'ya'yansa naɗa zare a hannu. To damben da aka hana hannun Malam sai ya koma bakinsa. Tun zamanin da ake zuwa kulob a kalli talabijin mara launi ya kamu da damben Turawa, na manya masu nauyi, har zuwa yanzu da yara suke nuna masa a waya. Ni ban san sunayen mutanen nan na gaskiya ba, don shi ma ba ya kiransu da su. Ya raɗa wa kowa nasa. Akwai Mai Rawa, na zamanin da, wanda ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Akwai Gajere, mai wuya kamar na sa, wanda ya zo bayansa da shekaru. Akwai ƙattin yanzu da yake kira Dogaye. Na girmi wasunsu, ban taɓa ganin fuskarsu da kyau ba, amma na san su kamar 'yan uwan miji.

Abin da yake so ba damben da aka yi ba ne. Wanda ba a yi ba, kuma ba za a taɓa yi ba, shi ne nasa. A ɗauko wanda ya tsufa ko ya mutu, a mayar da shi saurayi, a haɗa shi da na yau, wa zai ci? Mutane sukan zo teburinsa da wannan tambaya kamar masu kai ƙara. Shi kuwa ba ya amsawa da sauri. Sai ya juya nama, ya barbaɗa yaji, sannan ya ce, "A zamanin wa za su haɗu? Da safar hannun wa? Alƙalin wa?" In mutum ya ce ai duk ɗaya ne, sai ya ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan, "karɓi namanka ka tafi, ba ka shirya ba."

Yakan ce, "In ka kawo na da zamanin nan, to ka ba shi abincin zamanin nan da likitan zamanin nan, ka ga yadda zai cika. In ka kai na yanzu can baya, ya shirya turmi goma sha biyar, kuma ba mai tsayar da wasa don gira ta fashe." Sai ya ɗauki tsinken nama biyu, ya yi ta kewaya su a kan katako, wannan ya matso wancan ya kauce. Nama nawa ya ƙone a wannan shari'a, Allah kaɗai ya sani. Ƙonannen kuma gidan nan yake zuwa. 'Ya'yana sun girma suna zaton haka agashe yake.

Amma ba ya son kai a hukunci. Wata rana ya dawo gida ya zauna a bakin gado, takalmi ma bai cire ba. Na kawo abinci ya ture. Na ce, "Malam, wa ya mutu?"

Ya ce, "Yau na kayar da Mai Rawa."

Na ce, "Kai da kanka?"

Ya ce, "Yaran nan sun kawo wani cikin Dogaye. Na auna ta ko'ina. Tsawon hannu ba ƙarya ba ne, Hajja, nauyi ma ba ƙarya ba ne. In turmi goma sha biyu ne, yaron zai jingina da shi ya gajiyar da shi. Na ba su gaskiyarsu."

Na ce to ya ci abinci, ai Mai Rawan bai ji ba. Ya dube ni kamar na zagi wani nasa.

Akwai wani maƙwabci da muka taɓa yi, ƙato, mai ɗaukar kaya a kasuwa, yana dukan matarsa. Ana ji ta katanga, kowa ya yi shiru. Malam a lokacin gemunsa ya riga ya yi fari. Ya je ya yi sallama, ya ce masa, "Ɗana, dambe aji-aji ne. Mai nauyi ba ya taɓa wanda bai kai shi ba, ko arna sun san wannan. In hannunka yana ƙaiƙayi, ga ni, na fi ta kusa da ajinka." Ya naɗe hannun jallabiya ya tsaya. Mutumin ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ban ce ya zama waliyyi ba, amma ba mu ƙara jin kuka ta katangar nan ba. Da ya rasu matar ta zo gaisuwa, ta riƙe ƙafata tana yi masa addu'a.

To, shi da Auta. A wurinmu mijin ya da ƙanen mata abokan wasa ne, kowa ya sani. Amma nasu ya wuce na kowa. Ranar da aka kawo ni gidan nan Auta yana yaro, Malam ya dube shi ya ce, "Wannan kwaɗon fa, a cikin kayan aure yake?" Shi ke nan ya zama Kwaɗo. Ya yi aure, ya yi jikoki, ya je Makka, yana da shagon yadi a Kasuwar Libiya, duk kasuwa Alhaji ake ce masa, a wurin Malam dai Kwaɗo ne. Shi kuma yana kiransa Hayaƙi, wai ko an wanke shi da sabulun duniya ƙaurin gawayi ba zai fita ba.

Duk la'asar Auta yakan rufe shago ya zo teburin. Shi mutumin Gajere ne, Malam na Mai Rawa. A kan mutum biyun nan suka tsufa.

Malam ya ce, "Gajerenka turmi uku gare shi. In ka wuce ukun nan da ranka, sauran naka ne. Mai Rawa zai yi ta kewaya shi yana tsokanarsa, ya matso ya rungume shi ya danne masa wuya, har numfashi ya ƙare."

Auta ya ce, "Ya kewaya zuwa ina? Fagen ai ba filin Idi ba ne, kusurwa huɗu ce. Sau ɗaya zai same shi a haƙarƙari, rawar ta koma ta zaune."

"Ka taɓa ganin an same shi?"

"Na ga an same shi, har ya zauna."

"Ya tashi ko bai tashi ba?"

"Hayaƙi, namanka yana ƙonewa."

"Naka ne, Kwaɗo."

Haka kullum. In sun zo gida ma haka, har in ce su fita mini daga tsakar gida in ji kiran salla.

Mutum ɗaya ne Malam bai taɓa sakawa a wannan gasa ba, shi ne babansa. Na riski tsohon, hannunsa na dama ya lanƙwashe saboda zare, ba ya iya riƙe kofi da shi. Malam yakan ce a duk dambensa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. In wani ya ce to a haɗa shi da wane, sai ya ce, "Baba ba ya shiga." Kuma wasan da ke tsakanin miji da ƙanen mata a nan ya tsaya. Ka zagi mutum, ka zagi gemunsa, ka zagi sana'arsa, amma ba ka haurawa wurin iyaye. Yaro ma ya san wannan.

Ban kasance a wurin ba ranar da abin ya shiga tsakaninsu. Mai shayi ta faɗa mini, Auta ma da bakinsa ya faɗa mini, maganarsu ɗaya. Gardama ta yi zafi, jama'a sun taru, Malam ya ƙure shi ana ta dariya. Sai Auta ya ce, "To bar Mai Rawa. Kawo babanka da hannunsa ɗaya, a sa shi gaban Gajere."

Malam ya ce, "Baba ba ya shiga."

Da Auta ya tsaya a nan, da ba komai. Sai ya ce, "Ina zai shiga? Mutumin da wani bahago ya shimfiɗa a kasuwar Sinnar har aka yi masa fifita?"

Wai daga wani kawunmu ya ji, tun muna yara. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ban sani ba. Samari suka kwashe da dariya, su da baƙin da ba su san inda wasanmu yake ƙarewa ba. Malam ya ɗauki wuƙarsa. Ya yanka nama mai kyau, wanda bai ƙone ba, ya naɗe a takarda, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Ga naka, Alhaji. A gaida gida."

Mutane suna cewa sun daina magana. Ba haka ba ne. Da ma sun daina, da ya fi sauƙi. Girmama shi Malam ya shiga yi. In Auta ya zo teburin, ya miƙe tsaye ya ba shi kujera. Ranar salla ya tarbe shi tun daga ƙofa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, ya raka shi har bakin titi. Auta ya ba shi haƙuri a gabana, ya durƙusa, dattijo da furfurarsa. Malam ya ɗaga shi ya ce, "Haba Alhaji, babu komai." Auta ya biyo ni madafa idonsa jawur, ya ce, "Yaya, don Allah ki ce masa ya zage ni."

Na yi wa Malam magana. Ya ce, "Na yi masa wani abu ne? Ban gaishe shi ba?"  A haka aka yi azumi, aka yi ƙaramar salla, aka yi babba. Auta ya rage zuwa teburin, daga baya ya daina.

Safiyar da ya rasu, rana ta ɗan ɗaga. Malam yana tsakar gida yana daka yajin agashe, don bai taɓa yarda wani ya haɗa masa ba, har ni. Ina madafa ina dafa gahawa. Sai na ji muryarsa, da ƙarfi, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Kwaɗo! Zauna nan ka ji. Rufe mini baki, ban gama ba."

Na saki cokali. Na ce Alhamdu lillahi, Auta ya zo, an shirya.

"To na kawo Baba. Ka ji? Na kawo shi. Amma a fagenmu za a yi, a ƙasa, ba igiya ba safa. A naɗa wa Gajerenka zare a hannu ɗaya, ɗayan ya kare da shi, a buga kalangu, mu ga ko ya san inda zai sa ƙafa. In ma an taɓa kayar da Baba, to sai me? Naka ba a kayar da shi ba? Waye ba a kayar ba? Ai washegari ya fita ya yanka sansa."

Yana faɗa yana dariya, taɓarya tana bugawa. Na ɗauko kofi na biyu. Na ƙi fita da wuri, na ce bari in bar su su sha gardamarsu.

"Turmin farko, Gajere zai shigo da kai a ƙasa yadda ya saba. Baba kuwa..."

Sai shiru. Na zaci Auta ne yake ba shi amsa a hankali. Na jera kofuna a faranti na fito.

Shi kaɗai ne. Yana kwance ta gefe, hannunsa a bakin turmi, yaji ya zube a jallabiyarsa. Na duba ƙofar gida, sakata tana nan yadda ya saka ta da ya dawo masallaci. Babu wanda ya shigo. Na kira shi, na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi ba tun aurenmu. Ban san lokacin da farantin ya faɗi ba. Ihuna ne ya tara maƙwabta, sai ta katanga suka hauro.

Na faɗa wa babban ɗana abin da na ji. Ya ce, "Inna, kada ki faɗa wa Kawu. Zai ce da sunansa a baki Baba ya faɗi, zai ce shi ya kashe shi. Kin san jininsa yana hawa." Na ga gaskiyarsa, na yi shiru. Kwana ya bi kwana, Auta yana zuwa da safe ya hau dutsen, magariba ta yi ya tafi. Matarsa ta ce mini a gida ma ba ya cin komai sai ruwa.

Ranar da za a kwance rumfa na ce wa 'yar nan da take rubutu ta kira mini shi. Ta dawo ta ce ya ce ba zai iya taka gidan ba. Na ce, "Koma ki ce masa in bai shigo ba, zan fito titi da takabata in same shi." Ya san zan aikata. Ya shigo.

Ɗakin cike da mata, maƙwabta da dangi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya rame, rawaninsa ya yi datti. Ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" 

Na ce, "Auta, ba zan ce maka ya ce ya yafe ba, don bai faɗa mini haka ba, kuma ba na yi wa mamaci ƙarya. Abin da kunnena ya ji zan faɗa maka, ka yi yadda za ka yi da shi."

Na faɗa masa duka, da sakatar ƙofa, da kofi na biyu. Ina faɗa ina duban fuskarsa, ina jiran ya faɗi. Ɗana yana tsaye a bayansa ya shirya tare shi.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Da wane suna ya kira ni?"

Na faɗa.

"Sake faɗa, Yaya."

Na sake.

"Kuma ya sa Baba a fage? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"To wa ya ci?"

Na ce, "Bai gama turmin farko ba."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Can sai ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Matsoraci! Hayaƙin banza! Ya ga zan kama shi, ya gudu!"

Matan ɗakin suka zabura. Wata maƙwabciya Balarabiya ta dafe ƙirji tana astagfirullahi, wata ta ce a fitar da shi ya zautu. Gwaggon Malam, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a wurin, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Ku bar shi. Mijin yarsa ne."

Aka bar shi. Ya yi ta yi. Ya ce wa ya ba shi izinin zaɓen fage shi kaɗai, ya ce zare a hannu ɗaya ai maguɗi ne, ya ce shekara da shekaru yana ciyar da shi ƙonannen nama, rana ɗaya da ya ba shi mai kyau sai da ya kusa kashe shi. Yana zagi hawaye yana bin gemunsa, har muryar ta dushe. Ni ma sai na ji ina dariya cikin kuka, na rufe baki da mayafi don kunyar mutane.

Da ya gaji ya share fuska da bakin rawani, ya ce, "Yaya, akwai sauran abinci a gidan nan?"

Aka kawo. Muka sa hannu a kwano ɗaya kamar muna yara. Ni ma rabona da abin kirki tun safiyar nan.

Ya Allah, ga Malam nan ya zo gare ka ba shiri, da yaji a rigarsa. Mai gardama ne, mai riƙo ne in an taɓa iyayensa, ka fi ni sani. Amma ya tsaya wa wadda ba ta da ƙarfi, kuma bai taɓa danne gaskiyar wani ba ko da a wasa. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da babansa. Wanda ya taɓa cin namansa, ko ƙonanne ne, ya yi masa Fatiha.